Attaruhu A Tsakar Gida: Abin Da Siminti Ya Raba Mu Da Shi

Duk magidancin da ya riƙa bayar da kuɗin cefane a Kano tsakanin watan Mayu da na Yulin 2024 ba ya bukatar wani masanin tattalin arziki ya fassara masa ma'anar hauhawar farashi. A watannin nan ne kayan miya suka yi tashin gwauron zabo, har ta kai mai kayan gwari a bakin layi ya daina kasa attaruhu kashi-kashi, ya koma ƙirga shi ɗaiɗai kamar goro. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Yunin shekarar farashin abinci ya ɗaga da sama da kashi 40 cikin 100 idan aka kwatanta da na Yunin da ya gabace shi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na ban-ruwa da injin suka ninka, taki ya yi tsada, 'yan bindiga sun raba manoma da yawa da gonakinsu a Katsina da Zamfara, ga kuma giɓin da dama can akan samu kowace shekara tsakanin ƙarewar kayan noman rani da fitowar na damina.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a lokacin shi ne yadda muka yi ta kuka kan abin da kakanninmu mata ba su cika saye da kuɗi ba. Ina nufin barkono da danginsa. Shinkafa da masara da gero sai da gona, wannan babu musu. Amma tsiron da buhu ɗaya na ƙasa ya ishe shi rayuwa, wanda ruwan alwalar gida ɗaya zai iya shayar da shi, me ya sa ya gagari gidajenmu na cikin birni? Wannan ita ce tambayar da nake so mu tattauna da mai karatu a yau, a matsayina na mazaunin Gwale wanda ya yi shekaru yana tsinkar attaruhu a tsakar gidansa.

Bari mu fara da birnin kansa. Baturen nan Hugh Clapperton da ya shigo Kano a farkon 1824 ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba, ragowar duk gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth da ya biyo bayansa a 1851 ya tarar da kusan haka. Wannan ba sakaci ba ne na magina. Tun daga Sarki Gijimasu da ya ɗora harsashin ganuwar zuwa Muhammadu Rumfa da ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, an zagaye fili mai yawa da gangan, domin idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya a sami abin sa wa a baka daga ciki. Yammacin birni, wato ɓangarenmu na Goron Dutse da Ƙofar Kabuga da Dukawuya da Gadon Ƙaya, yana cikin wuraren da suka fi daɗewa da wannan sarari. Dattawan da suka haura saba'in a unguwannin nan har yanzu suna iya nuna maka inda aka taɓa noma dawa, wurin da yau shaguna ne da gidajen sama.

A cikin gidajen ma haka abin yake. Gidan Bakano na da yana da zaure da ƙofar gida da tsakar gida, sannan can baya akwai wani ɗan kewaye inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. A nan tsohuwar gida kan bar zogale da lalle da rama da kabewa, da 'yan tushen barkono biyu ko uku da babu wanda ya san ranar da aka shuka su. Matan da ke cikin kulle ba sa zuwa gona, amma wannan ɗan lungu nasu ne, kuma daga cikinsa ake fitar da yajin gida da na maijego. Rabon gado ya tsattsaga waɗannan gidaje, kowane magaji ya tayar da ɗaki a kasonsa. Kududdufan da ke riƙe ruwa an cike su an yi gini, abin da muke girbar sakamakonsa duk watan Agusta. Mu kuma 'yan boko da Allah Ya hore wa ɗan fili, abin da muka fara yi shi ne kiran mai siminti ya shafe shi tas daga bango zuwa bango, wai don kada yara su kwaso ƙasa. Idan an ga tsiro a gidan ɗan boko, to fulawa ce da ba a ci.

Kafin in shiga batun shuka, mai karatu zai yi mini uzuri in ɗan ratsa ta fagen da na fi sabawa, wato harshe, domin sunayen wannan tsiro kaɗai sun isa darasi.

Da yawa daga cikinmu za su rantse cewa tun fil'azal Bahaushe yake cin barkono. Ba haka ba ne. Duk dangin barkono 'yan asalin nahiyar Amurka ne, inda mutanen Meziko da maƙwabtansu suka yi dubban shekaru suna noma su kafin Kolumbus ya isa can a 1492. Jiragen ruwan Fotugal ne suka yaɗa su zuwa gaɓar Afirka da Indiya a ƙarni na 16. Ma'ana, duk liyafar da aka yi a fadar Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, an yi ta ne babu barkono ko ƙwaya ɗaya. Abin da ke ba miyar wancan zamani zafi shi ne masoro da kimba da citta da fasaƙwari, sai kanumfari da fatake ke kawowa, wanda sunansa ma daga Larabci muka are shi. Barkono ya zo ne a ayari ɗaya da masara da rogo da gyaɗa da dankali da gwanda da taba. Wasu daga cikinsu sunansu ya tona hanyar da suka biyo: masara dai dawar Masar ce aka gajarta, haka kuma tsofaffi ke cewa gwandar Masar don bambanta ta da gwandar daji.

Sunayen barkono su ma suna da irin wannan labari. A Yarbanci ana kiran barkono ata, kuma wannan mai ƙamshi da muke kira attaruhu ko attarugu, Basakkwace ya ce tarugu, su ata rodo suke ce masa. Dogon nan da muke kira shambo su sombo suke cewa. A ɗaya hannun kuma, matar Ibadan da ke sayen tatashe tana furta tattasai ɗinmu ne da harshenta. Kalmomi sun yi ta kai-komo a kan hanyar da fataken goro suka bi da jakuna, wadda jirgin ƙasa ya gada bayan isowarsa Kano a 1911, wadda kuma a yau manyan motoci ke bi da kwandunan kayan gwari zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Sa'ad da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, attaruhu ya yi tsada a Legas, ya kuma yi kwantai a hannun manomanmu yana ruɓewa. Harshe ya daɗe da sanin abin da 'yan siyasa suka gano a makon nan, cewa tukunyar miyar ƙasar nan guda ce.

A yammacin ƙasar Hausa da Nijar za ka ji tonka ko tanka a maimakon barkono, ka ji tugande a maimakon attaruhu. Akwai kuma tsiduhu, ɗan mitsitsin nan da ya fi kowa faɗa. Na taɓa tambayar ɗalibaina a aji ko wa ya san tsiduhu, hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma duk 'yan karkara ne. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Jami'ar Bayero ta fitar da nata a 2006. Kalmomin suna nan a adane cikin littafi, sai dai kalmar tsiro ba ta rayuwa a bakin yaron da bai taɓa ganin tsiron a tsaye ba. Yaron Gwale na yau ya san jan gari a ƙullin leda, sunansa yaji, shi ke nan.

Ita kanta kalmar yaji abin sha'awa ce. Da ita muke kiran garin da ake barbaɗa wa tsire da ɗanwake da garau-garau da gurasa. Da ita muke kiran fitar da mace kan yi daga gidan miji cikin fushi. Da zamani ya kawo ƙungiyoyin ƙwadago, sai Bahaushe ya dubi ma'aikacin da ya ajiye aiki ya tafi gida yana jiran a zo biko, ya ce ai wannan yajin aiki ne. Da 'yan sanda suka zo da hayaƙi mai sa hawaye, bai wahalar da kansa neman aron kalma ba, ya raɗa masa barkonon tsohuwa. Ni ma, in gaskiya za a bi, yajin ne ya kai ni ga yaji. A 2022 malaman jami'o'i sun yi wata takwas a gida, daga tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Oktoba, aji a rufe, aljihu a bushe. A cikin wannan zama ne wata gwaggona da ke Mandawari ta kwance bakin zanenta ta ba ni busasshen attaruhu guda uku, ta ce, "Ungo, ɗan nan, tunda bokon ya tsaya, je ka ka koyi abin da uwarka ta iya." Na ce, "To Gwaggo, Allah Ya ƙara girma." Jikokin waɗannan ukun ne a tsakar gidana har yau.

To, yaya ake yi?

Abu na farko shi ne sanin lokaci, kuma a nan ne mafi yawan masu gwadawa ke karaya. Barkono ɗan ƙasar zafi ne, amma zafin Kano na Maris zuwa Mayu, sa'ad da ma'auni ke haura digiri 40, ya fi ƙarfin furensa. Da zarar zafin rana ya wuce digiri 35 ko kusa da haka, fure kan kaɗe ya zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Sai mutum ya ga ganye shar, yana ban-ruwa safe da yamma, amma babu ko ɗa guda, ya ce irin ne ba shi da kyau. Irin lafiyarsa lau, lokacin ne ba nasa ba. Ƙofa biyu ce a buɗe ga mazaunin Kano. Ko dai a yi reno a inuwa a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, a dasa a Yuni idan ruwa ya zauna. Ko kuma a yi reno a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, a dasa a Oktoba, a ci moriyar sanyin kaka, a fara tsinka kafin bazara ta kunno kai. Ni na fi son ta biyun, domin ƙwari sun fi sauƙi, ko da yake a tsakiyar hunturu tsiron kan yi nawa wajen girma, sai an yi haƙuri da shi.

Wurin reno ba ya bukatar komai sai tsohon baho da aka huda gindinsa. A cika shi da ƙasa mai laushi, a warwatsa iri, a rufe da ƙasa sama-sama yadda zurfin ba zai kai gaɓar yatsa ba, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, a riƙa yayyafa ruwa da hannu. Barkono da shambo kan tsiro cikin mako guda zuwa kwana goma. Attaruhu mai jan aji ne, yakan kai mako biyu ko uku, kuma mutane da yawa sun zubar da bahonsu ana gobe zai fito. Bayan mako biyar ko shida, idan ganye ya kai huɗu zuwa shida, sai dashe. Da yamma ake yi, bayan la'asar, don tsiron ya kwana ya farfaɗo kafin rana ta same shi.

Wanda ya riga ya shafe gidansa da siminti bai makara ba. Buhun shinkafa ko na siminti da aka wanke, ko robar fenti, ko jarkar da ta fashe aka yanke kanta, kowanne ya ishi tushe ɗaya. Sharaɗin shi ne a huda ƙasansa da kyau, a kuma ɗora shi a kan bulo. Barkono ya fi jure ƙishirwa a kan jiƙewa. Ruwan Agusta idan ya kwanta a gindinsa kwana biyu, saiwar ta ruɓe, ka wayi gari ka ga ya yi laushi kamar an zuba masa ruwan zafi. Haɗin ƙasar da na saba shi ne kashi biyu na jigawa, kashi ɗaya na takin awaki ko na tumaki da ya ruɓe sarai, da ɗan ɓuntun shinkafa don iska ta ratsa. Ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi, sai ya yi watanni a ajiye. Takin zamani kuma, musamman yuriya, idan ya yi yawa ganye zai ba ka, ba 'ya'ya ba. 'Yar tokar murhu kaɗan lokacin fure ta fi shi amfani.

A nan ma akwai abin tunawa. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya bayyana yadda jakuna ke shigowa birni da itacen girki su fita da mangalar taki zuwa gonaki. Sharar birni ita ce abincin gona, gona kuma ita ce abincin birni. Yau jujin unguwa rabinsa leda ne da batir da fasassun kwalabe, don haka ba na ba kowa shawarar ɗibar ƙasar juji ya shuka abin da zai ci. Amma kusan kowane layi a Gwale akwai gidan da ake kiwon tumaki ko awaki, kuma masu gidan neman wanda zai kwashe musu takin suke yi.

Sai batun ruwa, wanda shi ne hujjar farko da kowa ke kawowa. Gaskiya ne, a layinmu famfo ya zama kayan ado, da 'yan garuwa muke rayuwa, kuma jarka ba ta arha. Amma tushe ɗaya a buhu ba ya shan fiye da lita ɗaya zuwa biyu a yini in ba a tsananin bazara ba. Gida mai mutum takwas da ke alwala sau biyar a rana yana zubar da abin da ya ninka bukatar tushe goma. Abin da muka yi shi ne ajiye baho a wurin alwala, da wani a inda ake wanke shinkafa da kayan miya. Ruwan da aka sa wa sabulun wanki ko omo ne kawai ba ya zuwa wurin shuka, saboda gishirinsa na taruwa ya kashe ƙasa. Da sassafe ake ban-ruwa, a gindi, ba a kan ganye ba. Idan 'ya'ya suka fara nuna, a ɗan rage hannu, domin tsiron da ya ɗanɗani ƙishirwa kaɗan ya fi yaji.

Maƙiya suna da yawa. Akuyar maƙwabta da kaji su ne na farko, ƙadangare kuma yana son ɗanyen tsiro a wurin reno, tsohon gidan sauro ya isa maganinsu duka. Waɗanda suka fi haɗari ƙanana ne: darɓa da ke taruwa a bayan ganye, da wani ɗan farin ƙuda da ke tashi kamar ƙura idan an girgiza reshe. Tsotson da suke yi ba shi ne babbar ɓarnar ba, cutar da suke ɗauka daga tsiro zuwa tsiro ita ce matsalar. Idan ganye ya nannaɗe ya yi ƙanana ya yi rawaya-rawaya, tsiron kuma ya tsumbure, to babu maganin da zai dawo da shi, a tuge shi a fitar da shi daga gidan tun bai shafa wa saura ba. Riga-kafin yana bakin titi kyauta: 'ya'yan darbejiya, a daka cikin tafi biyu, a jiƙa a ƙaramin bokiti su kwana, a tace, a yayyafa da yamma har bayan ganye, mako-mako.

Wannan ya kawo ni ga dalilin da a ganina ya fi tsada nauyi. Wanda ya sayi kayan miya a kasuwa bai san da wane ruwa aka shayar da su ba, bai kuma san yaushe aka yi musu feshin ƙarshe ba. Shekara da shekaru ana noman kayan lambu a gefen Jakara da Getsi da ruwan da ya kwaso dattin birni da na masana'antu, kuma masana sun sha yin gargaɗi kan ƙarafa masu guba da ke taruwa a irin wannan ƙasa. Ba na zargin manoman, mutane ne masu neman halaliyarsu da ruwan da suka samu. Haka nan maganin ƙwari yana da adadin kwanakin da ya kamata a jira kafin a girbe, amma manomin da dillali ke jira da mota ba kullum yake ƙirga su ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Waken da aka hana shiga can, wa ya cinye shi? Garin barkono ma yana da tasa fitinar. A 2005 sai da Birtaniya ta janye ɗaruruwan nau'o'in abinci daga kantuna saboda an gano wani jan rini na masana'antu a garin barkonon da aka sarrafa su da shi. Can akwai mai aunawa. Nan kuwa, jan garin da ke cikin ƙullin leda, amana ce kawai tsakaninka da mai niƙa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa buhu goma a tsakar gida zai magance tsadar abinci. Mun ga irin wannan kira a baya. Gwamnatin Obasanjo ta soja ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka ce kowa ya noma bayan gidansa. Shagari ya zo da nasa juyin noman a 1980. Uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ita ma ta fito da gasar kowane gida da lambunsa. Kiran ba laifi ba ne, amma yana da daɗin fakewa ga masu mulki, domin yana mayar da nauyi kan talaka. Attaruhun da ke cika kasuwar 'Yankaba daga Kura da Kadawa da Bunkure da sauran filayen da madatsar Tiga ke shayarwa yake fitowa, da wasu jihohin maƙwabta, kuma abin da manomansa ke bukata shi ne magudanan ruwa masu aiki, da taki a kan kari, da hanya, da wurin adana kaya, da tsaro. Dubi Diffa a Jamhuriyar Nijar, inda ake yi wa tattasan bakin Komadugu kirari da jan zinari. A 2015 hukuma ta hana cinikinsa bisa zargin cewa Boko Haram na samun kuɗi ta nan, aka shafe sama da shekara biyu kafin a sassauta, dubban iyalai suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Babu lambun tsakar gida da zai maye gurbin wannan. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Bagauda, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero. Abin da zan roƙe su ƙarami ne: takarda mai shafi biyu da Hausa, da boko da ajami, kan noman kayan miya a buhu, da ƙullin iri mai kyau a farashin da matar aure za ta iya saye.

Abin da lambun gida zai iya yi shi ne ya cire abu ɗaya daga lissafin cefane na watanni da dama, ya kuma ba ka abin da ka san asalinsa. A gidana tushe goma sha biyu ne, takwas attaruhu, huɗu barkono. Daga dashe zuwa tsinkar farko attaruhu kan ɗauki wata uku zuwa huɗu, barkono bai kai haka ba. Daga nan kuma sai dai a yi ta tsinka duk bayan 'yan kwanaki, kuma yawan tsinka shi ke sa ya ƙara fure. Da ƙaramar wuƙa ko almakashi ake yankewa tare da ɗan hancinsa, domin reshen gautsi gare shi, fizga na karya shi. Mutane da yawa ba su san cewa attaruhu ba shukar shekara ɗaya ba ce. Idan bazara ta zo ya daina haihuwa, a rage masa rassa, a ja buhun zuwa inda rana ba ta dukansa bayan azahar, a ci gaba da ba shi ɗan ruwa. Da saukar damina zai sake tofo, kuma zai riga sabon dashe haihuwa da makonni.

Wata 'yar faɗakarwa ga mai tsinka da mai jajjage. Zafin barkono daga wani sinadari ne mai suna kafsaisin, kuma ba a cikin ƙwayoyin yake da yawa ba kamar yadda ake zato, yana jikin farar tsokar nan ce da ƙwayoyin ke maƙale da ita. Mai son ƙamshin attaruhu ba tare da azabarsa ba sai ya kankare ta. Sinadarin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa, shi ya sa kwankwaɗar ruwa ba ta kashe yaji amma nono na kashewa, shi ya sa kuma tsofaffi ke shafa man gyaɗa ko manja a hannun da ke raɗaɗi. Wani masanin haɗa magunguna Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro ma'aunin yaji a 1912. A kan ma'auninsa dangin shambo na tsakanin 30,000 da 50,000, dangin attaruhu kuwa daga 100,000 har zuwa 350,000. David Julius, wanda ya gano a 1997 yadda wannan sinadari ke yaudarar jijiyar da ke jin zafin wuta a jikinmu, ya sami kyautar Nobel a 2021. Tsuntsaye kuwa ba sa jin yajin ko kaɗan, su ne ma ke cin 'ya'yan su kai irin wani wuri. Ina kyautata zaton su ne suka shuka wasu daga cikin barkonon bayan ɗakin kakanninmu da babu wanda ya san mai shi.

Idan amfani ya yi yawa, barkono da shambo shanya ake yi. A kan tabarma ko faranti, a saman rufi ko wani abu mai tudu, ba a kan kwalta ba kamar yadda muke gani a hanyar ƙauye, kuma a kwashe kafin raɓa ta sauka. Sai ya bushe ƙayau har yana ƙara idan an girgiza sannan a adana, domin wanda ya rage da danshi yana yin fumfuna, fumfunar kuma na iya haifar da gubar da ke lahanta hanta. Attaruhu namansa kauri gare shi, sai an tsaga shi biyu kafin ya bushe da kyau, kuma hunturu ne lokacinsa.

Saura iri. A zaɓi tushen da ya fi lafiya da yawan 'ya'ya, a bar masa 'ya'yan farko su nuna jawur a jikinsa, a cire ƙwayoyin a shanya a inuwa, a ƙulle a takarda, a sa a kwalba mai murfi nesa da zafin murhu. Abu biyu ne za a kiyaye. Irin gwangwani da ake kira mai aure yana ba da amfani mai yawa a shukar farko, amma 'ya'yansa ba sa gado shi, dole a koma kanti kowace shekara. Sannan tattasai da shambo 'yan uwan juna ne na kusa, idan aka jera su wuri ɗaya ƙudan zuma na haɗa su aure. Tattasan bana ba zai canza ba, amma wanda aka shuka daga irinsa baɗi yana iya fitowa da yajin da babu wanda ya gayyace shi. Mai son ajiye irin tattasai sai ya nisanta shi, ko ya rufe reshe guda da ƙyallen gidan sauro tun kafin fure ya buɗe.

Irin da aka adana haka yakan yi shekara biyu ko uku yana tsirowa, amma ƙarfinsa na raguwa kowace shekara, don haka gara a sabunta shi duk kaka. Attaruhu guda ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyin da suka fi ƙarfin gida ɗaya. A bana gida biyar ne a layinmu suka karɓi dashe daga bahona, ɗaya daga cikinsu kuma ya aiko mini da tsiduhun da surukarsa ta zo da shi daga ƙauye, wanda zan yi renonsa a ƙarshen Agusta in Allah Ya kai mu.